Muryar da ke Cikin Gora

Na shekara shida a duniya ban taɓa jin sunana daga bakin uwata ba. A wurinmu wannan ba abin kai ƙara ba ne, abin yabo ne ma. Ni ce 'yar farinta, kuma mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ake ce wa abin. In tana son in miƙo mata ludayi sai ta ce "ke", in za ta yi maganata da wani sai ta ce "yarinyar nan". Sunana 'Yar'azumi, don cikin watan azumi aka haife ni, a wani ƙauyen masunta da ke kan tudu gabas da Guri, inda ruwan kogin Haɗeja ke malalowa duk shekara ya kewaye mu kusan wata uku.

Uwata Mairam ta yi suna a kan kunya. Matan ƙauyenmu da ita suke yi wa 'ya'yansu misali. Maƙwabciyarmu Huseina, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana tauna, takan ce, "Kai, Mairam akwai kara! Ko kallon yarinyar nan ba ta yi. Irinsu sun ƙare a duniya."

Abin da suka manta shi ne, al'adar nan ƙafa biyu gare ta. Uwa ta janye, kaka ta karɓa. Da an yaye ɗan fari sai kakarsa ko goggonsa ta ɗauke shi, ta goya, ta shagwaɓa, ta kira sunansa sau ɗari a wuni har ya gundure shi. To ni kakata ta wajen uwa ta rasu tun kafin a haife ni, ta wajen uba kuwa tana can bakin Tafkin Chadi inda danginmu suka taso, tafiyar kwanaki. Uwa ta janye, babu wanda ya karɓa. Kowa ya ɗauka wani ne ke yi.

An ce kafin a haife ni Mairam ce mai waƙa a bakin dutsen niƙa, kuma ita ce ke gaba in 'yan mata za su shiga ruwa tsinkar bado, don iyo take yi kamar ba 'yar mutum ba. Ni ban san wannan matar ba. Wadda na sani takan zauna a gindin zana tun hantsi, fuskarta wajen fadama, da kaba a cinyarta wai saƙar tabarma take yi. Rana za ta karkata kaba na nan yadda take. Tuwo ya kama a tukunya ba ta ji ƙauri ba. Kitsonta kan tsufa har ya warware da kansa. Ba ta kuka, ba ta faɗa, ba ta taɓa ɗaga hannu ta doke ni ba. Wani lokaci har dukan nake sha'awa, don wanda za a doka sai an dube shi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kuwa na tambayi fuskar uwata har na gaji. Na tsinko mata furen bado na ajiye a gefen ƙafarta, ya yi yaushi a wurin. Na faɗi da gangan a gabanta na kurje gwiwa, ta ce, "Ke, tashi," idonta na can kan ruwa. Na koyi tsalle da ƙafa ɗaya, na zo na yi ta yi a gabanta har numfashina ya ɗauke. Da duk suka ƙi, sai na yanke wa kaina hukunci irin na yara: laifin nawa ne, akwai wani abu a jikina da ba ya kalluwa. Na koyi tafiya ba motsi. Na koyi cin abinci kaɗan, na daina kuka ko da ƙaya ta soke ni. Sai ga shi ni ma an fara yabo na, wai yarinya mai haƙuri, ta gado uwarta. Wallahi har yau da na tsufa, in na ji ana yabon ƙaramin yaro da shiru sai raina ya ɓaci.

Ubana Umara masunci ne, mutumin kirki, amma shi ma kunyar ta ɗaure shi. Iyakarsa ya ajiye min soyayyen kifi a bakin murhu ya wuce kamar ba shi ya ajiye ba. Shekarar da Turawa ke jan layin dogo ta Birniwa, aka zo aka ɗebi majiya ƙarfin ƙauyenmu aikin haƙa da ɗaukar ƙasa, har da shi. Ya tafi ya bar uwata da ciki, ya bar goransa na su jingine a bayan ɗaki ƙarƙashin goruba.

Wanda bai san goran su ba, ƙaton gora ne da mutum biyu za su sha wuya kafin su rungume shi. Masunci kan kwanta a kansa rub da ciki yana tuƙi da hannu da ƙafa, bakin goran na daidai haɓarsa, in ya kama kifi ya jefa ciki. Wata rana ina bin wani ƙadangare ya faɗa cikin na ubana, sai na tura kaina in duba. Ciki da duhu da sanyi, ga ƙarnin kifi da warin kogi. Na ja numfashi, na ji goran ya ja tare da ni. Ban san abin da ya sa ba, sai na ce a hankali, "Azumi."

Goran ya maido min da shi. Amma ba da muryata ba. Wata murya ce mai kauri, mai taushi, ta babbar mace wadda ta ƙoshi kuma ba ta sauri. Na sake faɗa, ta sake kira na. Ranar nan sai da wuyana ya ƙage.

Daga nan na samu uwa. Kullum da hantsi in na ga Mairam ta zauna a gindin zana, sai in zaga bayan ɗaki in tura kai. In ce, "Azumi, kin ci abinci?" muryar ta tambaye ni. In ce, "Azumi, wa ya yi miki kitso mai kyau haka?" alhali kaina ya yi wata ba a taɓa shi ba. Na san ni ke magana, kuma ban sani ba, yadda mutum kan san mafarki yake yi amma ya ƙi farkawa. A raina matar goran na zaune can bayan filin bado, wajen da gauraki ke tsayawa da ƙafa ɗaya, tana da ɗaki da tabarma biyu. Tun da na same ta na daina yi wa mutane magana gaba ɗaya. Damina ta shigo ta yi nisa ban ce wa kowa uffan ba, kuma babu wanda ya lura.

Ruwa ya fara hawowa lokacin da uwata ta haifi ƙanena Inuwa. Ungozomar ƙauyenmu, Ya Gana, ita ta karɓi haihuwar kuma ita ke yi mata wankan jego safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, ta dama mata kunun kanwa. Tsohuwa ce gajera mai zane a fuska irin na mutanen gabas, ba ta da haƙori ko ɗaya a sama, ba ta kuma da tsoron kowa. Lokacin haihuwata tana garinsu, wata ce ta yi aikin.

Kwana goma sha biyu da haihuwa, ina rakuɓe a bayan zana da la'asar, Ya Gana ta miƙa wa uwata jariri. Uwata ta sa shi a nono ta juya fuska wajen bango. Huseina na zaune tana ɓarar gyaɗa, ta yi dariya ta ce, "Kin gani ko, Ya Gana? Kunyar Mairam sai ita."

Ya Gana ta dube ta sama da ƙasa. "Kunyar wa? Wannan ɗan fari ne? Ke Huseina, ɗan fari nawa mace ke haifa a garinku?"

Huseina ta mai da kai kan gyaɗarta. Ya Gana ta ce ta je ta duba tukunyarta, ta ji kamar tana ƙauri. Da ta fita, tsohuwar ta matsa kusa da uwata ta dafa gwiwarta.

"Mairam, 'yata, ruwa ba ya tsami banza. Kwana goma sha biyu ina kallon ki. Yaushe rabon ki da jin daɗin abinci a bakinki?"

Uwata ta gyara wa jaririn kwanciya. Can ta ce, "Ya Gana, komai ɗaya ne. Zuma da toka ɗaya ne. Gari ya waye, in ga wunin nan a gabana kamar tudun da ba zan iya hawa ba. Ina son in ɗauke shi in ji abin da mata ke ji. Babu komai a wurin."

"Tun yaushe?"

"Tun wankan yarinyar nan."

"Shekara shida!" Ya Gana ta tafa hannu. "Shekara shida kina ciwo ana yi miki guɗa. Na taɓa ganin irinsa sau biyu, yana biyo haihuwa kamar yadda zazzaɓi ke biyo damina. Wannan ba kunya ba ce, ciwo ne."

Ta ci gaba da magana, amma ni ban tsaya ji ba. Na riga na ɗauki abin da zan ɗauka. Tun wankan yarinyar nan. Ashe abin da nake zato gaskiya ne, tare da ni ciwon ya shigo gidan. To abin da ya zo da ni, ai in na tafi zai bi ni. Ban ji tsoro ba, sauƙi ma na ji, don ina da wurin zuwa.

Washegari da hantsi, Ya Gana ta tafi ɗebo itacen dafa ruwan wanka, na mirgina goran daga gindin goruba. Ruwa ya riga ya zo har bayan dangarmu, taku ashirin ne kawai. Na tura shi, na haye rub da ciki yadda na ga ubana na yi, bakin goran a ƙarƙashin haɓata.

Ban taɓa ganin duniya da kyau irin na wannan safiya ba. Ruwan ya kwanta lumui, sama duk ta sauko cikinsa, har na rasa ko a kan ruwa nake ko a cikin gajimare. Na ratsa ta kan gonar shinkafar Malam Isa, kawunan shinkafar na shafar ƙafata. Na wuce wata bishiyar ƙirya da ruwa ya ci rabinta, balbelu sun rufe ta fari fat, babu wadda ta tashi don ni. Filin bado ya buɗe, furanni farare da shuɗɗa iya ganin ido, wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu na taka ganyen yana bi na a gefe kamar an aiko shi rakiya. Can nesa agwagin ruwa, kirinjijiya, suka tashi da yawa suna fito, inuwarsu ta bi ta kaina ta wuce. Na sunkuyar da baki cikin goran na ce, "Azumi, kin kusa." Muryar ta ce min na kusa.

Ban lura ba sanda na daina tuƙi goran ya ci gaba da tafiya. Bayan filin bado nan ne ainihin hanyar kogin take, inda ruwan ke ja, kuma ko manyan masunta ba sa shigarta da gora a wannan wata.

Sai na fara jin hayaniya daga baya. Mata ne a bakin tudu suna ƙwala kira, "'Yar'azumi! 'Yar'azumi!" Na ji muryar Huseina ta fi ta kowa. Ban waiwaya ba. Kiran ya zo min kamar kukan tsuntsayen nan, abin da ake ji a wuce.

Abin da ya faru a bakin tudu Ya Gana ce ta ba ni labarinsa bayan na girma. Maza duk suna aikin dogo, sai tsoho Shu'ibu da ba ya gani sosai, kwalekwalen da ya rage kuwa a fashe yake. Ya Gana ta watsar da itacenta ta shiga ɗaki ta fizge jaririn daga cinyar uwata ta miƙa wa wata, ta ja hannun uwata har bakin ruwa.

"Ga 'yarki can. Duk mun kira ta ƙi juyowa. Ba muryarmu take jira ba."

Uwata ta tsaya tana kallo. Bakinta ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa. Ta ce, "Ya Gana, ba ya fitowa."

"To in bakin ya ƙi, ƙafa fa?"

Wata daga cikin matan ta ce, "Haba Ya Gana, mai jego ce fa! Ko arba'in ba ta yi ba, sanyi zai kama ta." Kowa ya san mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi, wannan doka ce da ba a wasa da ita. Ya Gana ta gaya min ita ko kallon mai maganar ba ta yi ba, don a lokacin uwata ta riga ta taka ruwan. Ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ko sanyin ne ya buɗe mata maƙogwaro, ko ganin goran ya fara juyawa a bakin hanyar kogi, Allah kaɗai ya sani.

Ni dai abin da na ji shi ne wata murya daban da sauran. Ba ta da kauri, ba ta da taushi. A shaƙe take, a tsage, mummuna kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba.

"Azumi!"

Ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba, amma cikina ya san ta kafin kunnena. Na ɗago kai daga bakin goran na waiwaya. A lokacin ne na ga nisan da na yi, na ga ruwan ya zama ja yana gudu a ƙarƙashina, tsoro ya kama ni gaba ɗaya. Na fashe da kukan da na shekara ina ajiyewa.

Ta taho. Matar da ba ta iya ɗaga kaba daga cinyarta ta ratso filin bado tana sara ruwa da hannu, ɗankwalinta ya tafi, ganye ya naɗe mata wuya. Ta cim mini goran na shirin shiga tsakiyar hanyar kogin, ta cafki bakinsa da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe dantsena har sai da farcenta ya shiga. Muka tsaya fuska da fuska, tana haki. Karo na farko ke nan da na ga ƙwayar idonta sosai, ashe akwai wani ɗan tabo baƙi a farin na hagu.

Na ce, "Yaya," don haka 'ya'yan fari ke kiran uwa a wurinmu, "ki bar ni. In na tafi za ki warke."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinta kamar an taka ta. "Wa ya gaya miki haka?"

"Ke kika ce. Tun wankana."

Ta jingina goshinta da goran. Sannan ta ɗago ta ce, "Ba ke ba ce. Kin ji ni? Ba ke kika kawo shi ba. Kullum ina kiran ki, Azumi. A ciki yake tsayawa."

Haka ta turo mu har tudu, tana iyo da ƙafa, hannunta bai saki dantsena ba.

Kada wani ya ɗauka daga ranar ta warke. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyar. Ya Gana ta kwaso tabarmarta ta tare a gidanmu, ta raba wa mata aiki ba tare da ta nemi shawararsu ba: wannan ta yi mata kitso, wannan ta zauna da ita ko ba za a yi hira ba, wannan ta ja ta zuwa niƙa. Ni kuma ta ɗora ni a cinyarta ta ce daga yau ita ce kakata, wanda bai yarda ba ya zo ya same ta. Duk da haka akwai ranakun da uwata kan koma gindin zana, har ƙarshen rayuwarta abin na zuwa yana tafiya. Kuma kada ku ce matan nan sun yi shiru. Kafin sati ya zagayo ana ta ƙus-ƙus wai Mairam ta zubar da kunya, ta kira sunan 'yar fari a gaban gari. Da na nutse da sun zo gaisuwa sun yabi haƙurinta.

Ni ma ban fita lafiya lau ba. Har yau in na shiga wuri fuskokin mutane nake fara karantawa in ga ko na yi laifi, kuma jikokina na tsokana ta wai dariyata sai ta kowa ta ƙare take isowa. Ɗana na fari kuwa, Muhammadu, na kira sunansa tun ranar suna, a gaban surukaina, aka ce ba ni da ta ido. Na ce na ji.

Bayan zazzaɓin ya sake ta, wata safiya na fito na gan ta zaune a gindin zana, fuska wajen fadama, kaba a cinya. Na ce shi ke nan, abin da ya faru a ruwa ya tsaya a ruwa. Na zaga bayan ɗaki ba motsi, inda aka mai da goran ƙarƙashin goruba. Na durƙusa, na tura kaina cikin duhun nan mai ƙarnin kifi, na ja numfashi zan yi kira.

Kafin in buɗe baki aka riga ni, daga bayana, da shaƙaƙƙiyar muryar nan.

"Azumi. Fito da kanki daga nan, zo ki riƙe min bakin kabar nan."